Ingarman Baba da Shawarar Fiɗiya

Abin da zan rubuta a nan ya faru ne a gidanmu da ke Fagge, a daminar da ta biyo bayan kammala bautar ƙasata, ya kuma ja mu har zuwa farkon sanyi. Madogarata uku ce. Ta farko, abin da na gani da idona ko na ji da kunnena. Ta biyu, abin da Inna, mahaifiyata, ta gaya mini daga baya, domin akwai maganganun da aka yi a ɗakin Baba ba na nan. Ta uku, bayanin yayana, wanda na ɗauka da taka-tsantsan, ba don maƙaryaci ne ba, sai don yana cikin rigimar tsundum, kamar yadda ni ma nake ciki. Ban riƙe ranaku ba, ba kuwa zan ƙirƙire su ba. Shekarun dokin Baba ma ban tabbatar ba. Baba ya ce ya saye shi a shekarar da aka yi wa soron gidanmu sabon rufi, Inna kuma ta ce rufin ya riga dokin zuwa da nisa. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne, ba ƙaramin doki ba ne, bai kuma tsufa ba.

Baba ɗan kasuwa ne, atamfa yake sayarwa a kasuwar Kwari tun kafin a haife ni. Ba shi da sarauta, bai kuma taɓa nemanta ba. Son doki ne kawai Allah ya ɗora masa, ya gada daga mahaifinsa. Dokin Baba akawal ne, wato baƙi wuluk, da ɗan tsirin fari a goshi, ingarma mai faɗin ƙirji. Yana ɗaure a wani ɗaki mai faɗi da ke jikin soro, inda aka kafa masa turke. Kowace Juma'a bayan la'asar Baba yakan ɗaura masa sirdi ya fita kilisa, ya ratsa ta Kwaciri, masu adaidaita sahu suna kauce masa suna ɗaga hannu, ya dawo kafin magariba. Akwai wata al'ada tasu su biyu da ya kamata in ambata tun yanzu, domin ita ce ta zama tushen gardama daga baya. Baba yakan saka dabino a aljihun gaban rigarsa, ya tsaya gaban dokin kamar bai san da komai ba, shi kuwa ya cusa baki cikin aljihun ya zaro abinsa.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba ina wajen bautar ƙasa. Da na dawo na tarar hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, maganarsa ta yi nauyi, amma hankalinsa garau. Gashin ƙashi da magani suna cin kuɗi, harawa da dusa ma suna ci, ga shi babu mai hawa. Dokin ya fara tono da kofato, yana haniniya har maƙwabta su yi magana. Ana cikin haka wani mai sayar da yadi ya nemi a ba shi hayar ɗakin ya mai da shi sito, domin a unguwarmu duk ɗakin da ke da ƙofa ta waje diloli ne makomarsa. Baba da kansa ya yanke hukunci. Ya kira mu ni da Yaya, ya ce, “A sayar da shi.” Mu kuma ba mu tambaye shi ta wace hanya ba. Da mun tambaya a ranar, wataƙila da ban rubuta wannan ba.

Yaya ne ya kawo dillalin dawaki, wani dattijo mai raha da ke zama kusa da mu. Ya buɗe bakin dokin ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa gadon bayansa, sannan ya zauna a kan benci ya ce, “Samari, kasuwar doki biyu ce, ku zaɓi wadda za ku ci.”

Ta farko, in ji shi, ita ce ta masu ba da hayar dawaki don hawan angwanci da samarin kilisa. Su ingarma suke so, mai wuta, wanda zai ɗaga ƙafafun gaba a ƙofar gidan biki a yi ta ɗaukar hoto. Amma ba sa saye da daraja, kuma a kwalta suke sukuwa da su, yau wannan ya hau gobe wancan, har ƙafa ta mutu. Ta biyu ita ce ta 'yan wasan folo da masu hali da ke son dokin da 'ya'yansu za su koyi hawa. Su suna biya sosai, suna kuma kula da dabba, sai dai ba sa son ingarma a bargarsu, saboda faɗa da sauran dawaki da bin goɗiya.

“Ina da mutum a hannu,” in ji shi. “Wani Alhaji ne, 'ya'yansa sun dame shi. In kun fiɗiye wannan akawal, ya warke, ya huce, ni na san abin da zan karɓo muku.”

Yaya ya ce, “Shi ke nan, an gama.”

Na ce, “Ba a gama ba, Yaya. Wa ya tabbatar zai huce?”

Ya juyo ya dube ni. “To Farfesa ya fara. Kai da ka yi boko, je ka binciko mana. Amma don Allah ka dawo da amsa, kada ka dawo da wata tambayar.”

Ilimin ƙididdiga na karanta, ba na dabbobi ba, don haka washegari na hau adaidaita sahu, muka kutsa ta cunkoson Bata zuwa Sabon Gari, wajen wata likitar dabbobi da aka kwatanta mini. Mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar wajen Zariya, ga ƙaramin gicciye a wuyanta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Tana yi wa wani kare allura na jera mata tambayoyina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce aikin yana yiwuwa, da allurar kashe zafi da ta kariya daga cutar da ke sandarar da jiki. Amma ba za ta so a yi shi da damina ba, ga ƙuda, ga danshin ƙasa, ciwo ba ya son su. A bari sanyi ya shigo. Ta ƙara da cewa dokin da ya riga ya manyanta yana ingarma, wani yakan sauya hali bayan fiɗiya, wani kuma ya ci gaba da abin da ya saba.

Na ce, “Likita, cikin goma nawa ne suke sauyawa?”

Ta yi dariya har karen ya zabura. “Ƙanena, doki ne fa, ba jarrabawa ba. In na ba ka lamba na yi maka ƙarya. Abu ɗaya nake da tabbacinsa: in na cire, ba na mayarwa.”

Na dawo gida da wannan, Yaya ya ce daman ya sani, an aike ni ɗebo ruwa na dawo da labarin rijiya.

Inna ce ta kawo magana ta biyu. Ta ce ita ba ta san harkar doki ba, amma ba ta taɓa jin an yi wa dokin gidan mutunci haka ba, a je a tambayi Malam tukuna. Malam shi ne limamin masallacin layinmu, abokin Baba tun suna yara. Muka same shi bayan la'asar yana zaune a kan buzu. Ya ce a karatun da suka yi, an yarda a fiɗiye rago da bunsuru domin namansu ya gyaru, amma an yi hani a kan dawaki. Sai dai wasu malamai sun yi sassauci idan doki ya zama mugu, mai cizon mutane, ana tsoron cutarwarsa.

Kafin ya rufe baki Yaya ya riga ya ɓalle maɓallin rigarsa. “Allah gafarta Malam, duba nan. Wannan tabon aikinsa ne.”

Tabon gaskiya ne, ina wajen aka yi shi. Na zo hutu daga wajen bautar ƙasa, Baba yana kwance a asibiti, dokin ya daɗe bai ga mai shi ba. Yaya ya shiga ba shi dusa sanye da wata farar rigar Baba, da waya a aljihun gaba. Dokin ya ga riga, ya ga aljihu ya yi tudu, ya cusa baki neman dabino. Yaya ya firgita ya fizge, haƙori ya kama fata. Sau ɗaya ke nan, ban kuma san wani ba kafinsa ko bayansa.

Malam ya juyo gare ni. “Kai kana wajen?”

“Ina wajen, Allah gafarta Malam.”

“To me ka gani?”

Yaya ya taka mini ƙafa. Na ji takun sarai. Amma an tambaye ni abin da na gani ne, a ƙofar masallaci, sai na faɗe shi yadda yake, har da riga da waya da dabino. Malam ya yi murmushi ya ce, “Ai wannan ba mai cizo ba ne, mai kwaɗayi ne. In za a fiɗiye duk mai kwaɗayi, layin nan ba wanda zai tsira.”

Da muka kai ƙofar gida Yaya ya tsaya ya juyo gare ni. Sannan ya ce, “Kai dai gaskiyarka ba ta taɓa sayen ko ƙwayar magani ɗaya ba. Wa zai biya mai gashin ƙashi? Digirinka?”

A lokacin ba ni da aiki, shi ke riƙe da shagon Baba da gidan baki ɗaya. Dole in yi masa adalci a nan. Ba son kuɗi ne ya tura shi ba. Shi ke ɗaukar Baba a baya zuwa mota, shi mai magani ya sani. Ya kuma yi imani da gaske cewa fiɗiya ta fi wa dokin alheri, ya tafi inda zai ci ya ƙoshi, maimakon ya ƙare a kwalta ƙarƙashin yaran da ba su san linzami ba.

Abin da ya biyo baya, wani na gani, wani labari aka ba ni. Yaya ya yi tunanin cewa idan jama'a suka shaida dokin mai cizo ne, Malam zai sassauta, tunda shaidar mutum ɗaya, wato ni, ba za ta rinjayi ta unguwa ba. Sai ya shiga ba da labari. A teburin mai shayi na ji shi da kunnena yana cewa saura kaɗan dokin ya cire masa ƙirji. A majalisar ƙofar gidanmu ya ɗaga riga ya nuna tabon. A Kwari, an ce mini, har ya ce ba mai iya shiga ɗakin sai da sanda. Shi ya musanta wannan, ni kuma ban ji da kaina ba, don haka na bar shi a matsayin an ce. Ba a jima ba labarin ya yi 'ya'ya. Wata maƙwabciya ta hana jikokinta bi ta ƙofarmu. Wani mai tura baro ya rantse dokin ya taɓa kai masa hari, alhali bai taɓa shiga soronmu ba.

Na ce wa Yaya, “Wannan maganar fa ba a kunnen Malam kaɗai za ta tsaya ba.”

Ya ce, “Cikin goma nawa ne za ta wuce, Farfesa?”

Da ruwan sama ya fara ɗaukewa, dillali ya zo da hantsi, bai ko zauna ba. Ya ce direban Alhajin nan mai saye a Fagge yake shan shayi. Ya kai wa maigidansa labari, maigidan ya kira ya ce ba zai ɗora 'ya'yansa a kan dokin da ke cizon mutane ba, ko an fiɗiye shi ko ba a fiɗiye ba.

“Haba samari,” in ji dillali, yana tafa hannu. “Ni ina can ina yabon kaya, ku kuna nan kuna kushe shi? Tun da nake dillanci ban taɓa ganin mai doki ya bi gari yana tallan aibin dokinsa ba.”

Yaya ya ce, “Ai sai ka gaya masa sau ɗaya ne, kuma dabino yake nema. Ga wanda ya gani nan, ya yi masa bayani.”

Wato shaidar da aka taka mini ƙafa a kanta, ita ake so yanzu in ɗauka in kai. Na yarda zan je. Dillali ya ce ba amfani, magana ta riga ta zama zarar bunu. Masu hayar dawaki kuwa, da suka ji, sai suka ƙara karya tayinsu, suna cewa in ya ciji ango ranar biki wa zai biya.

Duk wannan abin da ake yi, tagar ɗakin Baba tana kallon soro. Inna ta gaya mini daga baya cewa yana jin komai. Ta ce wata rana bayan ta ba shi koko ya ce mata shi bai taɓa hawan fiɗiyayyen doki ba, mahaifinsa ma haka, kuma ba ya son a ce a gidansa aka fara. Wata rana kuma ya ce mata in dokin ya faɗa hannun masu haya, kafin shekara ta zagayo ba zai iya taka ƙasa ba. Na tambaye ta wace maganar ce ta ƙarshe. Ta ce ba ta riƙe ba, ita jinya take yi, ba sauraren ƙara ba.

Sai na shiga wajensa da kaina. Na zauna a ƙasa kusa da gadon na ce, “Baba, dokinka ne. Me kake so a yi?”

Ya daɗe yana haɗa kalmomi, sannan ya ce, “Kai me ka gano?”

Na zayyana masa duka. Abin da likita ta ce da abin da ta ƙi ba da tabbaci a kai. Abin da Malam ya ce da sassaucin da bai shafe mu ba. Ta yiwu ya huce bayan fiɗiya, ta yiwu kada ya huce. Ta yiwu a sami wani mai saye daga cikin 'yan folo, ta yiwu labarin ya riga mu isa can. Ina cikin magana na ga ya rufe ido. Na ɗauka barci ne, har na yunƙura zan tashi, sai ya ce, “Shekaru ina biyan makaranta, ashe ‘ta yiwu’ ka koyo.”

Ban ji haushin maganar ba kamar yadda na ji haushin cewa ba ni da wata da ta fi ta. Ya so ɗaya daga cikinmu ya ɗauke masa nauyin zaɓi. Yaya ya zaɓa, ya ɓata hanyar da kansa. Ni kuwa duk lokacin da na kai bakin zaɓi sai in ga abin da ban tabbatar ba ya tare ni.

Sanyi ya shigo, lokacin da likita ta ce ya dace da aikin, amma babu sauran wanda ake yi dominsa. Mai yadi ya matsa, kayansa sun iso, yana biyan ajiya a wani wuri. A ƙarshe dillali ya ce shi zai saya da kansa, ya kai shi nesa inda ba a san labarin ba. Abin da ya bayar bai kai ko na masu haya na farko ba. Ba a fiɗiye dokin a gidanmu ba; wannan kam na tabbatar, domin ni na kwance shi daga turke.

Da safe aka zo ɗaukarsa. Baba ya sa aka zaunar da shi a kujera cikin soro, ya sa Inna ta saka masa dabino a aljihun gaba. Na jawo dokin da ragama. Ya sunkuyar da kai, ya cusa baki a hankali, ya zaro abinsa, ko zaren riga bai ja ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya kau da kai yana kallon titi. Kafin azahar an wanke ɗakin, an tumɓuke turken, an fara shigo da diloli.

Bayan wani lokaci na haɗu da dillali a Bata, yana jiran abin hawa. Ya ce ya sayar da akawal ga wani mutumin Kaduna, ya ciro waya ya nuna mini hoto. Shi ne, ga tsirin farin a goshi. Ya yi ƙiba, fatarsa tana sheƙi, bayansa ciyawa ce koriya shar. An aske masa geza ƙwal, yadda 'yan folo ke yi wa nasu. Amma daga gaba aka ɗauki hoton, iyakarsa ƙirji.

Na ce masa, “Sun fiɗiye shi?”

Ya ce, “Ban tambaya ba. Wanda ya sayar da kaya ba ya bin sa da tambaya.”

Na roƙe shi lambar mutumin. Ya ce ta hannun wani dillalin aka yi cinikin, shi kuma ya tafi cin kasuwa wani gari. Na koma wajensa ba sau ɗaya ba, kullum amsar ita ce zai bincika. Na kai wa likita hoton, ta ce askin geza ba hujja ba ne, akwai masu riƙe ingarma a can ma, ko da yake ba su da yawa, kuma ita ba ta duba doki ta goshi.

Na nuna wa Baba hoton. Ya riƙe wayar da hannun hagu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yana nan yadda na san shi?”

Na ce, “Ya yi ƙiba, Baba. Wurin da yake akwai ciyawa.”

Ya ce, “Ba ita na tambaye ka ba.”

Yaya ya ce in ce masa e kawai, tsoho ya sami kwanciyar hankali, me zai ragu a jikina. Inna ta ce in ce lafiyarsa lau in yi shiru. Baba kuwa ba ya tambayarsu, ni yake tambaya, yawanci ranar Juma'a bayan la'asar, kuma na san dalili: ya san ba zan gaya masa abin da ban tabbatar ba. Har ranar da nake wannan rubutu dillali bai kawo lambar ba, tambayar kuma tana nan inda take. Bayan dokin Baba ya bar hannunmu, an fiɗiye shi ko ba a fiɗiye shi ba?